Wa Ke Rawa a Dandamalin Harry Partch?

Tun kafin makaɗi ya ɗaga hannu, dandamalin wasan Delusion of the Fury ya riga ya cika maƙil. Ga wani reshen itacen turare a tsaye, an ɗaure masa ƙararrawa goma sha biyu irin na wuraren bauta na Asiya, kowace da ƙwaryarta mai ƙara mata amo. Ga gindaye da kawunan manyan tulunan gilashi suna reto a jikin igiya. Ga wata garaya mai tsirkiya 72 wadda sai an hau dakali ake kaɗa ta, ga kwanson harsashin igwa a rataye, ga ƙwayayen lantarki a jere kamar an kasa su a kasuwa. Can gefe kuma ga wasu katakai huɗu, kowane a kwance bisa akwatin da ya kai girman ƙaramin ɗaki na ajiya. Mai kallo da bai san labari ba zai zaci baje kolin masassaƙa aka gayyato shi.

Duk waɗannan kaya mutum ɗaya ne ya tsara su, ya kuma ƙera mafi yawansu da hannunsa, wato Harry Partch, Ba'amurken da aka haifa a Oakland ta jihar Kalifoniya a 1901, ya mutu a San Diego a 1974. Ya rubuta Delusion of the Fury, wanda za a iya kira Ruɗin Hasala da Hausa, tsakanin 1965 da 1966, aka fara nuna shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis a watan Janairun 1969. Shi ne babban aikinsa na ƙarshe, kuma a cikinsa ya yi niyyar ƙulla kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo su zama abu guda da ba ya rabuwa. Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne cewa ƙullin ya yiwu, amma ba a inda Partch ya sa ran zai yiwu ba. Ya yiwu a tsakanin makaɗi da abin kiɗansa. Masu rawar da aka ɗauko domin su ɗauki nauyin labari, da su kansu labaran da ya aro daga Japan da Habasha, sun zauna ne a wasan zaman baƙo.

Sai an san abin da ya kai shi ga sassaƙa kafin a gane haka. Partch bai fara da sha'awar siffa ba, da kunne ya fara. Fiyano, da kusan duk kayan kiɗan Turai na ƙarnonin baya-bayan nan, sun raba tazarar da ke tsakanin wani amo da takwaransa na sama, wadda zan riƙa kira zango, zuwa matakai 12 masu faɗi ɗaya. Wannan rabo yana da amfani, domin yana ba makaɗi damar tashi daga kowane mataki ya bi kari iri ɗaya. Amma an saye shi da tsada. Idan aka danne tsirkiya a daidai rabinta, za ta ba da amon da ke zango ɗaya sama. Idan aka bar kashi biyu cikin uku nata ya yi rawa, ko huɗu cikin biyar, za a sami wasu amo da ke zama lafiya da na farkon ba tare da ɓarɓarniya ba. Matakan fiyano ba su faɗo daidai kan waɗannan wurare ba, an ɗan karkata su domin goma sha biyun su shiga. Partch ya karanta littafin masanin kimiyyar Jamus Hermann von Helmholtz kan yadda kunne ke jin sauti a farkon shekarun 1920, ya kuma yanke hukuncin cewa an daɗe ana ciyar da kunnen Turai da abin da aka rage wa gishiri. A 1930, a birnin New Orleans, ya tattara abin da ya rubuta a tsohon tsari ya cusa a murhu.

Ya koma ga lissafin tsirkiya, ya riƙa gina matakansa da rabon lambobi cikakku har zuwa 11, ya tsaya a kan matakai 43 a zango guda, ba kuma masu faɗi ɗaya ba. Ya yi bayanin wannan a littafinsa Genesis of a Music na 1949. Sau da yawa masu sharhi kan tsaya a lambar 43 kamar ita ce abin mamaki. A ganina dalilin da ya sa ya buƙace ta ya fi ta muhimmanci: yana so ne kiɗa ya bi hawa da saukar muryar mai magana, ita kuwa murya ba ta tafiya a kan tsani, zamewa take yi. Ayyukansa na farko waƙoƙin mawaƙin Sin Li Po ne da ya rera da wani gogen Turawa da ya tsawaita wa wuya. Ga mai jin Hausa wannan ba baƙon tunani ba ne. Harshenmu da karin sauti yake bambance kalma da kalma, kuma mai kalangu yana matsa tsarkiya a hammata ne domin fata ta faɗi abin da baki zai faɗa, yana ratsa wuraren da babu su a fiyano. Abin da kalangu ke yi a ranar kasuwa ba tare da an rubuta littafi ba, shi Partch ya shafe shekaru yana kafa wa hujja a gaban mutanen da suka ɗauka kuskure ne.

To, wanda ya ƙi matakan mutane dole ya ƙera tsaninsa. Babu masana'antar da ke yin abin da zai ba da amo 43, shi kuma ba mai dukiya ba ne. Daga 1935, lokacin karayar tattalin arzikin Amurka, ya yi shekaru yana gararamba, yana maƙalewa a jiragen ƙasa na kaya, yana aikin ƙodago a gonaki. Wannan rayuwa ta koya masa kallon bola da idon mai nema. Tulunan gilashin da na ambata daga ɗakin binciken nukiliya na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley aka samo su, inda ake yanke tsakiyarsu domin gwaji a bar kai da gindi. Manyan kuge biyu masu tsini da ke tsaye kusa da itacen ƙwarya hancin tankunan man jirgin sama ne. Kayan da ya sa wa suna Ganimar Yaƙi, a jikinsa kwanson harsashin nan ke rataye. Wani kuma kwalaben barasa ne da murafen ƙafar mota. Ya ɗauki tsohon ogan mai aiki da iska ya sake saita harsunansa, har ya zamana sai hannu ya yi tafiyar sama da zango uku a kan madannai kafin kunne ya ji an cika zango ɗaya.

A nan ne, a ganina, aikin ya sami abin da ya fi ƙarfin niyyar mai shi. Girman waɗannan kaya ba ado ba ne, lissafin sauti ne ya tilasta shi, shi kuma girman ya tilasta wa jiki motsi. A ɗauki Marimba Eroica, katakai huɗun nan. Domin katako ya ba da amon da ke dab da ƙarshen abin da kunnen ɗan Adam ke iya kamawa, dole ya yi tsawo, dole akwatin da ke ƙarƙashinsa ya yi zurfi. Makaɗin ba zai iya zama ba. Sai ya hau dakali, ya ware ƙafafu, ya ɗaga guduma mai laushin kai tun daga kafaɗa, ya saukar da ita da nauyin jikinsa duka kamar mai faskare, amon kuma ya fi zuwa wa mai sauraro ta ƙirji da ciki. Mai garayar nan ta tsirkiya 72, wadda Partch ya ara wa sunan kitara daga Girkawa, dole ya miƙa hannu ya share rukunin tsirkiya shida a lokaci guda, ɗaya hannun yana zamar da sandar gilashi domin amo ya lanƙwasa, yana sunkuyawa yana miƙewa. Mai tulunan gilashi kuwa yana ratsawa ne a tsakaninsu a hankali, domin bugu ɗaya na ganganci ya isa ya fasa abin da ba shi da madadi. Babu malamin rawa da ya tsara waɗannan motsi. Suna cikin katako da gilashin tun ranar da aka yanke su, kuma duk wanda ya zo kaɗawa sai ya yi su ko yana so ko ba ya so. Wannan ita ce rawar da ba ta da ƙarya a wasan.

Partch yana da suna ga abin da yake nema, kalmar da ma'anarta ta fi kusa da "mai jiki". Ƙorafinsa ga zauren kiɗan Turai shi ne an cire jiki daga kiɗa: makaɗa sanye da baƙaƙen kaya, a zaune, ko ma a ɓoye cikin rami a gaban dandamali, masu sauraro sun yi tsit kamar a zaman makoki. Shi ya sa ya shar'anta cewa kayansa su kasance a kan dandamali, su ne ginin da wasan ke faruwa a ciki, makaɗa su sa tufafin wasa, su riƙa rera amshi, su san cewa ana kallonsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga yadda makaɗi ke bin ɗan dambe da kirari har tsuma ta kama shi, zai yi murmushi da jin cewa wannan juyin juya hali ne. Amma murmushin bai kamata ya yi yawa ba, domin akwai bambancin da ya shafi tarken wasan kai tsaye. A filin dambe jama'a ce ta haɗa kiɗa da jiki, kowa ya san take, kowa ya san lokacin da zai yi sowa. Partch yana so ya samar da irin wannan haɗuwa shi kaɗai, a zauren jami'a, ga mutanen da suka sayi tikiti. Abin da al'umma ke saƙawa cikin ƙarnoni, ya nemi ya saƙa da umarni a takarda, kuma a wurin masu rawa ne zaren ya fara tsinkewa.

Wasan kashi biyu ne, da buɗewar kiɗa a farko da wata mahaɗa a tsakiya, ana yin sa ba hutu. Kashin farko ya fito ne daga wasannin Noh na Japan kan matashin jarumi Atsumori, waɗanda Partch ya karanta a fassarar Ingilishi. Wani mayaƙi da ya kashe saurayi a fagen fama ya zo wurin yana neman tuba. Ɗan mamacin, wanda bai taɓa ganin ubansa ba, shi ma ya zo ko zai ga fuskarsa. Fatalwar mamacin ta bayyana, hasala ta taso mata, ta sake buga yaƙin da wanda ya kashe ta, daga ƙarshe ta gane cewa babu sauran gaba a tsakaninsu. Kashi na biyu labari ne na Habasha. Wani kurma ɗan gararamba yana dafa abincinsa, sai ga tsohuwa tana cigiyar ɗan akuyarta. Bai ji me ta ce ba, ya yi mata nuni da hannu ta ba shi wuri. Ta bi inda hannun ya nuna, ta tarar da ɗan akuyan ya ji rauni a ƙafa, ta dawo godiya. Shi kuma ya ɗauka zarginsa take yi, rigima ta kaure, mutanen gari suka kai su gaban alƙali. Alƙalin kurma ne, ga shi ba ya gani sosai. Ya dube su ya ɗauka miji da mata ne, ɗan akuyan kuma jaririnsu, ya umarce su su koma gida su zauna lafiya.

Kashin farko ya fi samun yabo, kuma ba a rasa dalili ba. Buɗewar wasan tana farawa da tsirkiya ƙalilan, amo yana zamewa daga wani zuwa wani, sannan katako da gora su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya har dandamali duka ya ɗauka. Kalmomin da ake ganewa ba su da yawa a wasan, yawancin abin da 'yan amshi ke rerawa gaɓoɓi ne marasa ma'ana. Abin lura ne cewa mutumin da ya fara tafiyarsa da bin muryar mai magana ya ƙare ta da kusan rufe bakin magana. Kayan da ya ƙera domin su raka harshe sun girma har sun karɓe aikin harshen. Ga labarin fatalwa wannan ya dace ƙwarai, domin amon gilashin da ke daɗewa yana shawagi ya fi kowace jimla iya nuna wanda ya mutu bai tafi ba.

Amma a fim ɗin da Madeline Tourtelot ta ɗauka na wasan 1969, duk lokacin da aka nuno masu rawa nakan ƙosa a mai da ni wurin makaɗa. Ba gazawar masu rawan nake nufi ba. Matsalar tana cikin zubin aikin. Kiɗan Partch daga hannu yake fitowa, daga yadda sanduna biyu ke ratsa jerin katakai, da ƙidaya ta biyar-biyar da bakwai-bakwai da ke haɗuwa suna rabuwa. Makaɗi yana motsi ne domin sautin ya samu, mai rawa kuwa yana zuwa ne bayan sautin ya samu, yana neman abin da zai yi da shi. Na farko dole ce ta motsa shi, na biyu zaɓi, kuma ido yana gane bambancin nan take. Wannan ba sabon ciwo ba ne a aikin Partch. A 1957, da aka shirya wasansa The Bewitched a Jami'ar Illinois, ya yi ta sa-in-sa da mai tsara rawa Alwin Nikolais, yana ganin an yi watsi da labarinsa an mai da kiɗansa abin raka motsi. Ya zargi masu tsara rawa, amma ni ina ganin kayansa ne suka riga suka cinye filin. Wanda ya kafa rimi a tsakar gida ba zai yi mamakin rashin tsirowar ciyawa a gindinsa ba.

Akwai kuma batun rabon da ya yi wa nahiyoyin biyu, wanda mai karatu ɗan Afirka ba zai wuce shi da ido a rufe ba. Japan ta sami mutuwa da tuba da girma. Afirka ta sami akuya da kurame da dariya. Wannan rabo tsoho ne a adabin Turawa, kuma Partch, duk da tawayen da ya yi wa Turai, bai kuɓuta daga gare shi ba. Habashar da ke wasan ba ta da harshe, ba ta da kari ko kiɗan da za a ce nata ne, daga littafi aka ɗauko ta aka yi mata sutura.

Duk da haka kashi na biyun ne nake ganin ya fi zurfi, kuma dalilina yana cikin wata dabara ta zubi. 'Yan wasa uku ne ke ɗauke da manyan matsayi a kashin biyu duka: wanda ya yi kisa shi ke dawowa a matsayin kurman ɗan gararamba, ɗan mamaci ya zama tsohuwa mai akuya, fatalwa ta zama alƙali. Ke nan mutanen nan uku sau biyu aka sulhunta su. A karon farko sun sulhunta ne domin sun fahimci juna. A karo na biyu babu wanda ya ji abin da wani ya ce, hukuncin daga farkonsa har ƙarshensa kuskure ne, amma rigima ta mutu, kowa ya kama gabansa, jama'a suna yabon adalci. Tatsuniyoyinmu ma sun san irin wannan alƙali, sun kuma san cewa dariyar da ake yi masa ba ta hana a koma gabansa gobe. Partch bai bar dariyar ta zama ƙarshe ba, domin bayan hukuncin hadari yana tasowa, wani tsoro ya sauka, roƙon da aka ji a kashin farko ya dawo. Sannan ɗan gararambar nan ba Bahabashe ba ne. Ba'amurke ne na gefen titin jirgi, shi ne Partch na 1935 a zaune gaban gwangwaninsa, yana nuni da hannu a ƙyale shi, mutane suna fassara nunin yadda suka ga dama. A wurin da ya daina riya cewa Afirka yake nunawa, a nan labarin ya zama nasa.

Farashin wannan hanya ya bayyana bayan mutuwarsa. Kiɗan da aka rubuta wa fiyano, ko'ina akwai fiyano. Na Partch kuwa a lokacin saiti ɗaya ne na kaya a duniya ke iya furta shi, an kuma rubuta wa kowane abin kiɗa da alamomin da suka keɓanta da shi. Tun yana raye, idan tulun gilashi ya fashe ba a samun wani mai amo daidai da shi, sai ya koma ya gyara rubutun. Kayan sun zauna a hannun abokin aikinsa Danlee Mitchell, wanda ya jagoranci makaɗa a 1969, daga baya suka koma hannun Dean Drummond. Sai a 2007 aka sake ganin wasan a dandamali a Niyok, kusan shekara 40 bayan na farko. Mutumin da ya yi wa'azin kiɗa mai jiki ya bar aikin da yawancin masu son sa ta faifai kawai suka san shi, ba dandamali, ba makaɗi, ba gumi.

Ƙungiyar makaɗa ta Musikfabrik da ke Kolon a Jamus ta sa Thomas Meixner ya sake ƙera kayan gaba ɗaya, a 2013 kuma Heiner Goebbels ya shirya wasan a bikin Ruhrtriennale a garin Bochum, daga nan aka kai shi Edinbara a 2014 da Niyok a 2015. Shawarar da ta fi jan hankalina a wannan shiri ita ce makaɗan da kansu suka riƙa ajiye sanda suna shiga matsayin mayaƙi da tsohuwa da alƙali, suna komawa bakin kayansu. Goebbels ya miƙa labarin ga jikin da tun farko shi ke rawa. Wasu za su ce an tauye wasan, tunda makaɗi ba gwanin rawa ba ne. Ni kuwa ina ganin a nan ne aka fi kusantar abin da rubutun ke buƙata, ko da ya saɓa wa abin da mai rubutun ya umarta.

Wata tambayar ce ta rage a kan sababbin kayan. Partch ya tsinci murfin ƙafar mota, ya buga shi, ya ji amon da ya ba shi, sannan ya rubuta kiɗa a kan wannan amon. Meixner ya tarar da amon a rubuce, dole ya fita neman murfin da zai ba da shi.